An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gasket Ke Yoyo, Allura Ke Shan Murɗa

A cikin duk kayan da ke jikin ƙaramar motar rimot mai amfani da man naitiro, babu wanda ake zalunta kamar allurar kafireta. Inji ya ɗauki zafi, a murɗa ta. Ya mutu a kan kwana, a murɗa ta. Sautinsa ya sauya bayan an sha rabin tanki, a sake kai mata sukundireba. Mai mota zai ɓata yini guda yana buɗe allura yana rufewa, yana zargin mai, yana zargin yanayi, yana zargin kamfanin da ya ƙera injin, alhali sau da yawa mai laifin na can bayan inji, ya yi baƙi da hayaƙi, babu wanda ya dube shi. Wani ɗan zoben roba ne da ke tsakanin bakin inji da wuyan salansa, wato gasket, wanda kuɗinsa bai wuce 'yan daloli ba.

Matsayina a kan wannan batu ba shi da wuyar faɗi. Gasket ɗin salansa ɓangare ne na hanyar da mai ke bi ya isa inji, kuma kaya ne mai ƙarewa kamar fulogi. Duk wanda ya kai hannu kan allura kafin ya tabbatar gasket ɗinsa na riƙe da iska, ko ya mayar da tsoho don ya ga bai tsage ba, ko ya cika mahaɗar da gam don gudun sayen sabo, to caca yake yi da injin da ake saya dala ɗari uku ko fiye. Akwai masu ja da wannan magana, wasunsu ma sun daɗe a harkar, kuma zan zo kan hujjojinsu. Amma sai mun fara sanin injin da ake magana a kansa.

Injin da bai cika cokalin shayi ba

Wannan sha'awa ta fi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan, inda kamfanoni irin su O.S. na Osaka, da Kyosho, da Traxxas na jihar Texas suka yi suna. Tana da hukumar duniya, IFMAR, wadda aka kafa a 1979, tana kuma shirya gasar cin kofin duniya. Motar da ta fi shahara a tseren ƙasa mai gargada girmanta kashi ɗaya cikin takwas ne na motar gaske, injinta kuma shi ake kira .21, wanda cikinsa ke ɗaukar kimanin cc 3.5. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar cc 5. Ke nan injin bai cika cokali ba, amma yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya.

Inji ne mai bugu biyu, dangin na tsofaffin babura masu hayaƙi da ƙaramin janareton da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai. Sai dai shi ba ya shan fetur. Man da yake sha haɗi ne na sinadarin metanol, da naitiro, da man shafawa, wanda kan kasance man zurma ko na masana'anta ko gaurayensu. Fuloginsa ba ya tartsatsi: zaren ƙarfe ne mai filatinam a ciki, ana ɗumama shi da batir lokacin tayarwa, daga nan zafin ƙonewa da haɗuwarsa da tururin metanol su ci gaba da riƙe shi jajir. Fistin ɗinsa ba shi da ringi. An ƙera silindar ne ta ɗan tsuke daga sama, kuma wannan matsin shi kaɗai ke riƙe ƙarfin inji. Ranar da matsin ya cinye, sai dai a sayi sabon fistin da silinda.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, wannan inji ba shi da rumbun baƙin mai, ba shi da lagireto. Man da yake ƙonawa shi ne ke shafe masa boris da fistin, shi ne kuma ke ɗauke masa kaso mai yawa na zafi yayin da metanol ke zama tururi. Idan man da ke shiga ya ragu, abubuwa uku ne suka ragu a tare: abinci, da shafawa, da sanyaya.

Ayyuka biyu da salansa ke yi ban da rage ƙara

Yawancin mutane sun ɗauka salansa bututun fitar da hayaƙi ne kawai, shi ya sa suke ganin yoyonsa bai wuce ƙazanta da ƙara ba. A wannan inji kuwa salansa na da ayyuka biyu da suka fi rage ƙara muhimmanci.

Na farko, shi ne famfon mai. Kafiretan motar naitiro ba shi da kwanon tara mai, kuma babu wani famfo tsakaninsa da tanki. Abin da ake da shi ɗan siririn tiyo ne da ya fito daga jikin salansa ya shiga saman tanki. Matsin hayaƙi ne ke bi ta wannan tiyo ya danna man da ke tanki, ya tura shi zuwa kafireta. Inji na ƙara gudu, matsin na ƙaruwa, mai na ƙara zuwa daidai lokacin da ake bukatarsa. Tsari ne mai sauƙi da kyau, amma ya dogara kacokan ga sharaɗi guda: hayaƙi ya fita ta inda aka tsara masa kaɗai. Idan gasket ya buɗe masa wata ƙofa tun daga bakin inji, matsin da ke isa tanki zai ragu, mai zai yi ƙaranci, kuma ƙarancin zai fi tsanani a lokacin da aka taka mota ƙarshe, lokacin da inji ya fi bukatar shafawa.

Aiki na biyu ya samo asali ne daga tseren babura. A shekarun 1950, wani injiniya mai suna Walter Kaaden, na kamfanin MZ da ke garin Zschopau a Jamus ta Gabas, ya ƙware wajen sarrafa siffar salansa don ƙara wa inji mai bugu biyu ƙarfi. Ya yi amfani da bugun iskar da ke fita duk lokacin da ƙofar hayaƙi ta buɗe. Inda salansa ya faɗaɗa, bugun kan haifar da zuƙa da ke janye ƙonannen hayaƙi daga silinda. Inda ya sake tsukewa, bugun kan dawo da baya ya tura ɗanyen man da ya fara zillewa ya koma ciki kafin fistin ya rufe ƙofa. A 1961 matuƙin MZ, Ernst Degner, ya tsere zuwa Yamma ya koma kamfanin Suzuki da wannan ilimi, a 1962 kuma ya ci kofin duniya na babura masu cc 50. Salansar motar naitiro mai kama da zungureren tulu jikanyar wancan aiki ce.

Yanzu a yi lissafi. Injin da ke juyi 36,000 a minti yana juyawa sau 600 a daƙiƙa ɗaya. Kowane bugu sai ya fita ya dawo cikin ƙasa da kashi biyu bisa dubu na daƙiƙa, kuma duk tafiya da dawowa ta kan gasket yake bi. Yoyo a wannan wuri yana raunana bugun da ke dawowa, yana kuma iya barin iskar waje da ƙurarta su shiga a lokacin zuƙa. Wasan ƙarshe na gasar duniya a wannan aji awa ɗaya cur ake yi. Ko da a ce matsakaicin juyin inji 20,000 ne a minti, wannan zobe zai sha bugun hayaƙi mai zafi sau miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kafin a ɗaga tuta. To ta yaya mai hankali zai ɗauki irin wannan abu a matsayin na dindindin?

Yadda allura ke rufa wa cuta asiri

Babban abin da ya sa wannan kuskure ya daɗe shi ne, murɗa allura kan yi aiki na ɗan lokaci. Mai ya yi ƙaranci saboda yoyo, aka buɗe allura kaɗan, mai ya ƙaru, inji ya huce, mai mota ya yi murna ya gano matsala. Bai gano komai ba. Yoyon gasket ba ya tsayawa a ma'auni ɗaya. Yana sauyawa da zafi, domin ƙarfe na buɗewa roba na laushi. Yana sauyawa da girgiza. Mota ta yi tsalle ta dira, salansa ya motsa, kafar ta buɗe ko ta rufe. Saitin da ya dace da minti na biyu ba zai dace da minti na shida ba. Daga nan sai a shiga abin da Hausawa ke kira gyaran gangar Auzinawa: a taɓa allurar gudu, a taɓa ta ƙasa, a taɓa sukurun silo, har a rasa inda aka faro.

A tsakanin waɗannan murɗe-murɗe inji na shiga ƙishirwa yana fita. Zafin kansa, wanda a bisa al'ada ake so ya tsaya tsakanin digiri 100 da 125 a ma'aunin Salshiyas, yakan haura. Fulogi ya riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Matsin silinda ya riƙa cinyewa a hankali. Ba kasafai injin kan mutu farat ɗaya ba, tsufa yake yi kafin lokacinsa, shi ya sa ba a ɗora wa gasket alhaki. Sai a ce wai injunan yanzu ba su da ƙarko.

Abin da masu ja ke cewa

Hujja ta farko ita ce, akwai wuraren yoyo da yawa ban da salansa: robar gindin kafireta, murfin bayan inji, boris na gaba, murfin tanki, da tiyon mai da ya huje. Suna kuma cewa allura na bukatar taɓawa ko da komai lafiya, domin iskar sanyin safiya ta fi ta tsakar rana nauyi, tana son mai fiye da ita. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu abin da ya rage daga maganata. Ban ce kada a taɓa allura ba. Na ce akwai abin da ke gaba da wani. Allura ma'auni ce, kuma ba a awo da kwano mai huji. A toshe kowace kafa tukuna, sannan a yi saiti. Dalilin da ya sa na ware gasket ɗin salansa shi ne, cikin duk waɗannan wurare shi ya fi shan zafi da girgiza, shi ne kuma mutane ba sa lissafawa a hanyar mai.

Hujja ta biyu ta masu tsimi ce: gasket bai tsage ba, me zai sa a jefar? Amsa ita ce ido ba ya ganin irin mutuwar da roba ke yi. Aikin gasket shi ne ya tura baya idan an danne shi. Robar da ta daɗe a matse cikin zafi takan ɗauki siffar matsin ta zauna a haka, ta daina dawowa. Za ka ciro ta sumul babu tsaga, amma ta daskare ko ta lotse. Da zarar an cire wuyan salansa an mayar, ba zai taɓa komawa daidai kan tsohon gurbinsa ba, sai kafa ta samu. Tsimin dala biyu da zai kai ka ga sayen fistin da silinda ba tsimi ba ne.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, ta masu gam. Suna cewa jan gam na silikon mai jure zafi ya fi kowane gasket, kuma sun shekara suna amfani da shi. A nan dole a bambance. Injuna iri biyu ne. Akwai masu fitar da hayaƙi ta gefe, galibi ƙanana, inda fuska biyu shafaffu ke haɗuwa a ɗaure da sukuru biyu, da siririn gasket na takarda ta musamman a tsakani. A irin wannan mahaɗa, shafa gam siriri ƙwarai a kan ƙarfen da aka wanke tas, a bar shi ya kwana ya bushe, yana iya riƙewa. Na yarda da wannan. Amma akwai injunan tsere masu fitar da hayaƙi ta baya, masu zagayayyen baki, inda sifirin ke riƙe da wuyan salansa a kan zoben silikon. An tsara wannan mahaɗa ne don ta riƙa motsi kaɗan, ta shanye girgiza da karo. Gam ba shi da gurbi a nan, domin motsin farko zai ɓamɓare shi.

Ko a inda gam ya halatta, yadda akasari ake lafta shi ɓarna ce. Duk abin da ya bulbulo waje idan an ɗaure, kwatankwacinsa ya bulbulo ciki, inda ba a gani. Ya rage faɗin ƙofar hayaƙi, daga baya ya gutsure. Gutsuren na iya toshe ɗan bakin da tiyon matsi ke maƙale, wato ya haifar da ainihin cutar da aka zo magani. Sannan gam mai warin ruwan tsami yana fitar da asid yayin bushewa, boris ɗin inji kuwa ƙarfe ne mai tsatsa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya taɓa kai babur ko ƙaramin janareto gareji ya ga yadda ake yanka kwali a shafa masa gam a kira shi gasket. Wani lokaci rashin kayan gyara ne ke tilasta hakan, kuma manyan injuna masu juyi 3,000 a minti kan yi haƙuri da shi na wani lokaci. Injin da ke ninka wannan juyi sau goma, wanda kuma salansarsa ce famfon mansa, ba shi da wannan haƙuri.

Yadda ake zaɓe

Bakin injinka ne ke zaɓar gasket, ba launi ba, ba sunan da ke jikin leda ba. Zoben injin .12 daban yake da na .21. Na .21 kan shiga injuna da yawa na wannan aji da waɗanda suka ɗan fi shi girma, amma kauri da siffar leɓe na bambanta tsakanin kamfanoni, don haka wanda mai injin ko mai salansar ya ƙera shi ne abin farawa. Wanda ya dace yakan shiga da ɗan matsi. Idan wuyan salansa ya zurma babu tirjiya, ya yi sako-sako. Idan sai da ƙarfin tsiya ya shiga har roba na naɗewa, ya yi kauri.

A injin gefe, a ɗora gasket a kan baki a duba: ramukan sukuru su dace, kuma kada gefensa ya leƙo cikin ƙofar hayaƙi. Kada a ɗauko baƙin zoben roba na famfon ruwa don ya yi kama. Irin wannan roba takan gaza da an wuce digiri 120, silikon kuwa yana jure kusan 200 ko sama da haka kaɗan, kuma hayaƙin da ke fita daga baki ya fi kan inji zafi. Ga wanda ke odar kaya daga ƙasar waje yana jiran makonni, hankali shi ne ya sayi da yawa lokaci guda, tare da sifirin, ya adana su a rufaffiyar leda nesa da rana.

Yadda ake kula

Dubawa ba ta cin minti biyu. Idan inji ya huce, a kalli kewayen mahaɗar. Baƙin maiƙo a nan, ko feshinsa a jikin mota kusa da baki, shaida ce ta yoyo, domin maiƙo ta wutsiyar salansa kaɗai ya kamata ya fita. A kama wuyan salansa a girgiza a hankali: ya motsa da tauri ya koma gurbinsa, kada ya yi lilo. Mai son tabbaci ya juya inji har fistin ya rufe ƙofar hayaƙi, ya toshe wutsiyar salansa da yatsa, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar, ya tura iska ta tiyon matsi. Inda kumfa ta taso, nan kafar take.

Gasket ba ya aiki shi kaɗai. Sifirin da ya miƙe ya daina jan wuya, sabon zobe ma sai ya yi yoyo a ƙarƙashinsa, don haka a canja su tare. Salansar tsere na da mahaɗa ta biyu tsakanin wuya da tulu, mai nata zoben da gajerun sifirin uku. A wasu motocin kuma guntun tiyon silikon ne ke haɗa su, wanda kan kumbura ko ya tsage ta ƙasa inda ba a gani. Sannan akwai wayar da ke tallafe da ɗaya ƙarshen salansa a jikin mota. Idan karo ya lanƙwasa ta, takan riƙa jan salansa gefe guda, ta danne rabin gasket ta ɗage rabi. Mutum zai canja zobe uku a jere yana tsine wa kamfani, alhali waya ce ke bukatar miƙewa.

Wajen sakawa, a ɗaga fistin ya rufe ƙofa don kada datti ya faɗa ciki. A goge fuskokin da sifirit, kada a kankare alminiyam da wuƙa. Ɗigon mai ɗaya a jikin zobe ya isa ya sa wuya ya shige ba tare da yaga shi ba. A injin gefe, a ɗaure sukuru biyun bi da bi, kaɗan-kaɗan, a sake duba su bayan inji ya yi zafi ya huce, domin takarda kan lotsa. Idan fuskar wuyan ta karkace, a goga ta a kan lallausar sanfefa da aka shimfiɗa bisa gilashi har ta daidaita. Shawarata game da lokacin canji ita ce: duk sanda aka cire wuya bayan doguwar amfani, da kuma kafin kowace gasa mai muhimmanci, sabo ya shiga.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Injin da aka saita shi a kan yoyo, allurarsa a buɗe take fiye da ƙima. Da an sa sabon gasket, matsi ya dawo, mai zai yi yawa, mota ta yi nauyi tana tuttuɗa hayaƙi. A nan ne wasu kan ce sabon gasket ya ɓata musu inji, su koma neman tsoho a kwandon shara. Abin yi shi ne a mayar da allurai inda littafin inji ya ce a fara, a bar shi ya ɗauki zafinsa, sannan a riƙa rufewa kaɗan-kaɗan, kamar tazarar awa ɗaya a fuskar agogo, ana sauraro ana duba hayaƙi. Wannan ne lokacin allura, kuma saitin da aka samu a nan zai zauna, domin an yi shi a kan injin da ke riƙe da iskarsa.

Ba na tsammanin masu gam za su ajiye gam don na yi rubutu, haka ma masu tsimi. Abin da nake nema ga wanda ya shigo wannan sha'awa, ko yake shirin saya wa ɗansa irin wannan mota, abu ɗaya ne. Ranar da inji ya fara rigima, ya ajiye sukundireba a gefe, ya jira ƙarfe ya huce, ya juya motar ya dubi bayan inji. Idan ya ga baƙin maiƙo a wuyan salansa, ya bar allura inda take, ya ɗauko sabon zobe.